Gurbin Tsohon Murhu

Asabar

Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya. Ya jikin Ummi? Ya zazzaɓin da aka ce ya dawo mata ranar Laraba? Ke kuma ya ƙarfin hali, kina samun abin sawa a ciki kuwa? Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Na kira ki sau huɗu jiya, wayar tana shiga ba a ɗauka. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na yago takarda daga littafin darasi na zauna rubuta miki, zan sa ta a jakar kayan da yayarki, Yaya Babba, za ta kawo muku gobe. Na wanke rigunan Ummi uku masu maɓalli a gaba, waɗanda ba sai an zura ta kai ba. Idan kin ga shuɗiyar ta koɗe a kafaɗa, aikina ne, ban san ba a jiƙa ta da fararen kaya. Zanin gadonta mai kifaye yana ƙasan jakar.

Na so in biyo Yaya, amma kin san makarantarmu a wannan lokaci. Jarrabawa ake yi, takardun lissafi na aji uku duk suna kaina, asibitin nan kuma tafiyar awa uku ce a mota. Da zarar na sami sarari za ki gan ni.

Abin da nake so ki sani shi ne na fitar da murhun. Ranar Alhamis na kira mai gas ya kwance tiyon, muka ciccibe shi mu biyu muka sauko da shi. Ƙofar tanderun da ke ƙasansa ta ƙi rufuwa tun ranar da abin ya faru, ta lanƙwashe daidai inda Ummi ta taka, sai da muka ɗaure ta da igiya. Masu sayen tsohon ƙarfe suka tafi da shi. Mai gas ya ce ai da gyaransa, na ce ko kyauta ba zan ba wani mai yara shi ba.

Ba irinsa zan sake sawa ba. Kin tuna wanda kika nuna min a gidan abokiyar aikinki bara, wanda ake yanka dutsen kantar kicin a nutsa shi ciki? Ba shi da ƙafa, ba shi da ƙofa a ƙasa da yaro zai buɗe ya hau, makunnansa ma a sama suke. Tanderun daban yake, a jikin kabad ake sa shi, daidai ƙirjin babba. A lokacin na ce miki ado ne kawai na masu son a gani. Shi na sayo. Yana falo cikin kwalinsa.

Yanzu dai kicin ɗin kamar bakin da aka cire wa haƙori. Gurbi ne santimita sittin tsakanin kabad da kabad, tayil ɗin wurin ya fi na ko'ina haske. Na share na sami ƙaramin cokalinki da kika yi ta nema, da murfin biro biyu. Ina dafa shayi a butar lantarki, sauran abinci kuma a waje nake ci, kada ki damu da ni.

Mai gas ya ce aikin kwana uku ne. Ina so kafin a sallame ku komai ya kammala, ki shigo ki ga babu abin da zai tuna miki.

Ki shafa min kan Ummi, ki ce Babanta yana gaishe ta. Ki gaida masu jinya na kusa da ku.

Mijinki,
Baban Ummi

Juma'a

Maman Ummi,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata kin tashi lafiya, jikin Ummi kuma da sauƙi. Yaya Babba ta ce min an yi dashen fatar a kafaɗa ranar Talata, likita ya ce sai an kwana biyar kafin a san ko ta kama. Tun da na ji nake addu'a. Ta ce kin karɓi takardata kin sa a jaka. Ba ta ce kin karanta ba, ni kuma ban tambaya ba.

Kwana ukun mai gas sun zama tara, ga shi ba mu kai ko'ina ba. Ashe sauya murhu da wani irinsa daban ba sauya murhu ba ne, sauya rabin kicin ne. Tsohon a tsaye yake da kansa, kanta biyu ce ta sa shi a tsakiya. Sabon kuwa sai a kan dutse guda ɗaya. Mai dutse ya zo ya duba ya ce ba a toshe gurbi da guntu, zai tsage, sai an ɗaga na dama da na hagu an shimfiɗa dogo. Da aka ɗaga sai aka ga katakon da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya ruɓe. Aka kira kafinta. Kafinta ya haɗa sabon kabad da durowa uku, mai gas ya zo ya ce bututunsa daidai durowar tsakiya yake fitowa, a kwance. Suka yi ta musu a kaina, kowa yana cewa aikin ɗan'uwansa ne ya kamata ya kauce. Ni ina tsaye da kwanon shara a hannu.

Ga kuma abin kunya. Mai dutse ya ce in ba shi awon ramin da zai yanka. Na ce ai wannan ba sai ya wahala ba, shekara goma sha ɗaya ina koyar da awo. Na auna murhun daga baki zuwa baki na rubuta masa. Ashe ramin dole ya fi murhun ƙanƙanta, don leɓensa ya zauna a kan dutsen. Da aka kawo muka ɗora, sai ya zurma ciki gaba ɗaya, da ƙyar kafinta ya tare shi da gwiwa. Mai dutse ya dube ni ya ce, "Malam, a wane aji aka ce kana koyarwa?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na san da kina nan da sai kin riƙe ciki. Za a yanko wani dutsen gobe.

Ƙurar yankan ta shiga ko'ina, har cikin ɗakin Ummi duk da na rufe. Na goge kayan wasanta ɗaya bayan ɗaya na zuba a kwali.

Akwai maganar da nake ta kewaye-kewaye tun farkon takardar nan. Jiya da mai gas yake matsar da bututu, ya tsuguna yana shafa bangon da ke bayan gurbin. Ya tambaye ni ina ramukan kusoshi. Na ce waɗanne. Ya ce duk murhu mai tsayawa da kansa yana zuwa da wani ɗan ƙarfe da ake kafewa a bango, ya riƙe ƙafar baya, ko babba ya hau ƙofar ba zai kifa ba. Ya ce ƙila namu ba a sako mana ba. Na juya na ci gaba da shara.

Bayan ya tafi na buɗe durowar da muke zuba takardun kayan lantarki. Yana nan a cikin ledarsa, da kusoshinsa biyu, ba a taɓa buɗewa ba. Ni na sa shi a wurin da hannuna kusan shekara uku da suka wuce, ranar da aka kawo murhun, na ce zan aro abin huda bango in kafa. Kin tuna min da Ummi ta fara rarrafe. Kin sake tuna min da ta fara miƙewa tana dafa kaya. A karo na uku na ce miki kin cika tsoro. Mai gas ya ce aikin minti goma ne.

Ban san abin da zan ce miki a kan wannan ba. Na dai ga bai kamata ki ji shi a bakin wani ba.

Na sa sabulun wankanki da man shafawa a aljihun jakar. Ki ci abinci don Allah, ko ba kya so.

Naki,
Baban Ummi

Litinin

Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Ummi, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ba za ta jira Yaya Babba ba, direban motar safe zan ba, ya ce zai miƙa wa mai gadin asibiti. Ki karanta ta a inda babu mutane.

Yaya ta biyo ta nan jiya da yamma, daga tasha ko gida ba ta je ba. Na ja ta kicin ina nuna mata sabon dutsen da aka shimfiɗa, ina bayanin inda tanderu zai zauna. Ba ta ko kalla ba. Ta ajiye jakarta ta ce, "Kai kana nan kana gina kicin, matarka tana can tana ƙarewa."

Ta ce kin rame har zobenki yana zamewa. Ta ce ba fushi ne ya hana ki ɗaga wayata ba, kamar yadda na ɗauka. Wai kunyata kike ji. Kullum maganarki ɗaya, cewa kin fita kin bar tukunya a wuta ba ki gaya min ba. Wai kina ta juya ranar a ranki, wani lokaci ki ga kamar kin faɗa, sai ki tuna na ce ba ki faɗa ba, sai ki ce ai ni ba na ƙarya. Ta ce takardata ta fari da kika karanta kuka kika yi, kin ɗauka na fitar da murhun ne don na daina yarda da ke a kicin. Ta biyun kuwa, da kika ga zancen ƙarfen bango, cewa kika yi ƙarfe ko ba ƙarfe, da babu tukunya a kai da murhun kawai zai faɗi.

Maman Ummi, kin faɗa min.

Kina bakin ƙofa da mayafinki, jakar cefane a hannu. Kika ce za ki sauka shago ki dawo yanzu, akwai ruwa a wuta, in ja ƙofar kicin in kula da Ummi. Na ji kowace kalma. Na ce to, ban ɗago kai ba, ina kan takardar wani yaro ina neman inda ya ɓata lissafinsa. Na ce a raina bari in gama wannan shafin in tashi.

Ummi ta zo ta ja min wando ta ce in ɗauke ta ta ga tukunya tana hayaƙi. Na ce ta je ta yi wasa. Ta tafi ta dawo ta sake ja. Na ɗan daka mata tsawa na ce Baba yana aiki. Ta saki wandon ta fita. Na ji ƙarar ƙofar tanderu da ta buɗe, na san ƙarar, amma na ɗauka daga gidan maƙwabta ne, ko kuma haka na so ya zama. Abin da ya biyo baya kin tarar da shi.

A asibitin farko, da likita ya tambayi yadda aka yi, kowa ya juyo yana kallona, ke da Yaya da nas. Bakina ya ce ina banɗaki, ban san akwai wani abu a wuta ba. Kika dube ni kika ce, "Ban gaya maka ba?" Tambaya kika yi, ba gardama ba. Na ce ba ki gaya min ba. Na ga yadda fuskarki ta sauya, na kuma bar ki a haka. Na yi niyyar in gyara maganar a mota, sannan na ce sai an kwantar da ita, sannan na ce sai ta farfaɗo. Kwana ashirin da uku ke nan.

Maganar jarrabawa ma ba gaskiya ba ce duka. An yi jarrabawa, amma ban taɓa shiga ofishin shugaban makaranta na nemi izini ba. Shi da kansa ya tare ni a baranda ya ce in tafi, za a raba takarduna. Na ce masa kin ce ba sai na zo ba. Tsoro nake ji. Ina tsoron ganin kafaɗar Ummi, ina tsoron ta gan ni ta tuna wanda ya kore ta. Kicin ɗin nan wurin ɓuya na mayar da shi. Muddin akwai dutsen da za a yanka da bututun da za a matsar, ina da abin da zan ce ina yi.

Ban gaya wa Yaya ba. Na ga ke ya kamata ki fara ji. Idan kin so ki gaya mata, ko Baba da Inna, ko likitan, ki faɗa yadda yake, ba zan musa ba.

Ba na roƙon ki yafe min a takardar nan, ban kai nan ba. Abu ɗaya nake so ki ɗauka. Kin yi duk abin da uwa take yi. Kin faɗa, da murya sosai, na kuma amsa. Ki daina juya ranar, ki ci abinci.

Ni ne,
Baban Ummi

Juma'a

Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fata kun kwana lafiya, Ummi ta sami barci bayan wahalar jiya. Na iso gida lafiya kafin magariba. Akwai abubuwan da ban iya faɗa a gabanki ba, shi ya sa na koma ga takarda.

Saƙonki ya shigo wayata ranar Laraba ina tsakiyar aji. Layi biyu ne, cewa ana wanke wa Ummi ciwo Litinin da Alhamis da ƙarfe goma, in zo. Na karanta na juya ga allo na kasa tuna abin da nake rubutawa. Ɗaya daga cikin yaran ta ce Malam ko a kira wani. Daga nan ofishin shugaba na wuce, na gaya masa komai, har ƙaryar da na yi masa. Ya ce ya ba ni Litinin da Alhamis har sai an sallame ku.

Ban san haka wankin ciwon yake ba. Yaya takan ce an wanke mata ciwo, ni kuma in ji kamar an ce an ba ta magani. Ban san sai an jiƙa bandejin an ɓamɓare shi a hankali daga fata ba. Ban san sai wani ya zauna ya rungume ta ta baya, ya danne hannun mai lafiya, ya maƙale ƙafafunta da nasa ba. Da nas ta ce wa zai riƙe yau, kika nuna ni da haɓa kika koma jikin taga.

Da farko da ta gan ni murna ta yi, kin gani, ta ce Baba ka zo da mota. Ta yarda ta hau cinyata. Sai da ta ga tiren nas ta gane abin da na zo yi. Yarinya 'yar shekara uku, ban san tana da ƙarfi haka ba. Tana ta cewa, "Baba ka sake ni, na daina, na daina." Ita a ganinta horo ake yi mata don ta shiga kicin. Na sa bakina a kunnenta ina cewa ba ki yi laifi ba, Baba ne ya yi laifi, ban sani ba ko ta ji. Minti ashirin da biyar na duba a agogon bango. Nas ta ce min sau bakwai kika yi wannan ke kaɗai, ba ki taɓa bari wani ya karɓe ki ba, wai kin ce ke kika jawo.

Na ga kafaɗar. Na ga inda aka ɗebo fatar a cinya. Likita ya ce dashen ya kama, sai ɗan gefe ɗaya da za a sa wa ido, hannun kuma zai buƙaci motsa shi kullum na tsawon watanni don kada fatar ta ɗaure. Na rubuta duk abin da ya ce, na kuma roƙi mai gashin ƙashi ta koya min yadda ake yi ranar Litinin.

Abin da kika faɗa min a baranda na ji. Kika ce ƙarfen bango za ki iya yafewa, tsawar da na yi mata ma za ki iya, don kowa yana gajiya da yaro. Amma kwana ashirin da uku da na bar ki kina zargin hankalinki, wannan ba ki san inda za ki ajiye shi ba. Kika ce idan an sallame ku gidan Yaya Babba za ku sauka, ba ki san zuwa yaushe ba, kada in turo kowa ya ba ki baki. Ba zan turo ba. Innata ta kira ni da safe tana tambayar abin da ke faruwa, na gaya mata da bakina, na ce kada ta kira ki sai ke kin neme ta. Ta yi kuka, ta faɗa min maganganun da na cancanta.

Ki rubuto min abin da za ku buƙata a gidan Yaya in haɗa. Na san gadon Ummi zai shiga bayan mota idan an kwance ƙafafunsa. Fankar ɗakinmu ma zan kawo, likita ya ce kada zufa ta zauna mata a wurin.

Kicin an gama shi shekaranjiya. Mai gas ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututun bai ga yoyo ba, ya kunna kawuna huɗun ya kashe, ya sa na gwada girgiza shi da hannu biyu, ko motsi. Kafinta ya sa sakata a saman ƙofar inda hannun yaro ba ya kai. Aiki ya yi kyau, ba zan ce bai yi ba. Na tsaya a ciki bayan sun tafi, ban ji komai ba. Na faɗa miki ne kawai don ki san an gama, ba zan sake cika miki takarda da shi ba.

Motar farko tana tashi shida da rabi, jiya ta isa tara da rabi da 'yan mintoci. Amma direban ya ce ran Litinin hanya takan cushe wajen gada. Idan goma ta yi ban iso ba, don Allah ki roƙi nas ta fara da wani yaron. Ina hanya. Kada ki riƙe ta, ki jira ni.

Ki gaida Yaya Babba idan ta zo. Allah ya ba Ummi lafiya, ya hutar da gajiyarki.

Mijinki,
Baban Ummi